Taswira da Ƙidayar Bayi: Abin da Karatun Tarihin Amurka Ya Koya Mini

A yawancin littattafan tarihin Amurka da ake ba ɗalibai, akwai babi biyu da ke zaune nesa da juna. Ɗaya yana ba da labarin yadda ƙasar ta miƙe daga gaɓar Tekun Atalantika har ta dangana da Tekun Fasifik, da taswirori masu launi, kowane yanki da shekarar da aka samo shi. Ɗayan kuma yana maganar bauta. Malamin da ya koya mana wannan darasi a jami'a bai yarda da wannan rabo ba. Sharaɗinsa shi ne duk lokacin da muka buɗe taswira, mu buɗe alƙaluman ƙidayar jama'a a gefenta, mu duba bayi nawa ne a wurin lokacin da tutar Amurka ta iso, nawa ne kuma bayan shekara ashirin ko talatin. Wannan ɗabi'a ita ce babban abin da na fito da shi daga ajin, sauran abubuwan daga gare ta suka tsiro.

Ga abin da ido ke gani idan aka yi hakan. A ƙidayar farko ta 1790 bayi a Amurka ba su cika 700,000 ba, akasarinsu a jihohin bakin teku, Bajiniya da Merilan da Karolina ta Arewa da ta Kudu. A ƙidayar 1860 sun kusa miliyan 4, kuma nauyinsu ya riga ya koma kudu maso yamma. Yankin Misisifi yana da bayi wajen 17,000 a 1810. A 1860 sun haura 436,000, sun fi waɗanda ba bayi ba yawa a jihar. Tekzas tana da wajen 5,000 a 1836, sai ga su sun wuce 182,000 a 1860. Haihuwa kaɗai ba ta kawo irin wannan hauhawa. Kora mutane aka yi zuwa can, wasu a ƙafa, wasu a cikin jirgin ruwa.

Abin da ya fara yi mini ciwo shi ne ganin cewa tun farko akwai wata hanyar, kuma an kusa binta. A 1784 Tomas Jefason ya kawo wa majalisa shawarar a hana bauta a duk yankunan yamma daga shekarar 1800. Ƙuri'ar jiha ɗaya aka rasa, domin wani wakilin Niyu Jasi yana kwance ba lafiya, shawarar ta faɗi. Dokar da ta biyo baya a 1787 ta hana bauta a arewacin Kogin Ohayo kawai, aka bar kudancinsa a buɗe, nan da nan Kentaki ta shigo tarayya a 1792, Tenesi a 1796, dukansu da bayi. A wannan shekara ta 1787 ce kuma aka rubuta kundin tsarin mulki a Filadelfiya, inda aka ce wajen raba kujerun majalisar wakilai a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku. Bawa ba ya jefa ƙuri'a, amma kansa yana ƙara wa ubangidansa nauyi a majalisa. Saboda haka duk sabuwar ƙasar da aka cika da bayi tana haifar da amfanin gona, tana kuma haifar da kujeru. Cikin shugabannin Amurka 12 na farko, biyu ne kaɗai ba su taɓa mallakar bawa ba, John Adams da ɗansa.

Sai auduga ta shigo. Duk wanda ya taɓa raba auduga da angurya da hannu ya san aikin. Irin da ke yi a kan tudu a kudancin Amurka anguryarta manne take da ita, mutum ya wuni bai gyara abin da ya wuce laba ɗaya ba. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurza da ke gyara wajen laba 50 a rana, a daidai lokacin da masaƙun Ingila ke neman auduga ido rufe. Injin ya sauƙaƙa gurza, amma shuka da noma da ɗiba suna nan a hannun mutum. Da gurza ta daina tare hanya, sai buƙatar gona da hannu ta tashi, kuma masu kuɗi sun san inda za su samo kowanne.

Labarin Luwiziyana ne ya fi daɗewa a raina. A 1803 Nafoliyon, mai mulkin Faransa, ya sayar wa Amurka wannan yanki a kan dala miliyan 15, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan 2, wato ta ninka Najeriya sau biyu da ɗoriya. Akan yabi Jefason, wanda shi ne shugaban ƙasa a lokacin, da iya ciniki. Da muka bi saiwar abin, sai muka tarar da ita a Haiti. A 1791 bayin wannan ƙasa ta rake, waɗanda yawansu ya kusa rabin miliyan, suka tayar wa Faransa, daga baya Toussaint Louverture ya zama jagoransu. A ƙarshen 1801 Nafoliyon ya aika babbar runduna a ƙarƙashin mijin ƙanwarsa, Janar Leclerc, don ta dawo da ikon Faransa. Yaƙi da zazzaɓin shawara suka cinye rundunar, Leclerc kansa ya mutu a can. Shirin Nafoliyon shi ne Luwiziyana ta riƙa ciyar da gonakin raken Haiti, to da Haiti ta suɓuce, ga kuma yaƙi da Ingila yana ƙaratowa, sai ya ga gara ya karɓi kuɗi. Ke nan 'yancin da baƙar fata suka saya da jininsu a wani tsibiri shi ya buɗe ƙasar da aka bautar da 'yan uwansu dubbai a cikinta. A 1811 ɗaruruwan bayi suka tashi a gonakin rake da ke bakin Kogin Misisifi suka nufi Niyu Olins, aka murƙushe su, aka soke kawunan da yawa a kan sanduna a gefen kogin don gargaɗi. Amurka ba ta amince da Haiti a matsayin ƙasa ba sai 1862.

Daga ranar 1 ga Janairu 1808 doka ta hana shigo da bayi daga Afirka. Mai karatu da gaggawa zai ɗauka daga nan bauta ta kama hanyar mutuwa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Taba ta riga ta tsotse ƙasar Bajiniya da Merilan, manoma da yawa sun koma alkama, wadda ba ta cin hannu kamar taba, sai suka wayi gari da bayin da suka fi ƙarfin gonakinsu. Rufe ƙofar teku ya sa duk mai neman bawa a sabbin ƙasashen auduga dole ya zo wurinsu. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin 1790 da 1860 kusan mutum miliyan ɗaya aka kwashe daga tsofaffin jihohi zuwa kudu maso yamma. Kamfanin Isaac Franklin da John Armfield yana da gidan tara bayi a Alekzandiriya, wadda a lokacin tana cikin gundumar babban birnin ƙasa. Daga can suke tayar da ayari, maza a ɗaure biyu-biyu a sarƙa, mata da yara a baya, su ratsa Tenesi a ƙafa har kasuwar Natchez, wasu kuma a loda su a jirgin ruwa zuwa Niyu Olins. Doka ba ta san auren bawa ba, don haka ba abin da ya hana a sayar da miji a bar mata, ko a ɗauke yaro a bar uwa. A 1838 limaman darikar Jesuit da ke riƙe da kwalejin Georgetown suka sayar da mutum 272 zuwa Luwiziyana, aka yi amfani da wani ɓangare na kuɗin wajen biyan bashin kwalejin. Tun daga wannan darasi, in na ji an yabi wata doka, sai na tambayi wa ya ci ribarta bayan an zartar da ita.

Ita kuma gonar da aka kai su, ta wa ce? Faransa ta sayar da abin da akasarinsa ba ya hannunta, domin al'ummun asali, wato waɗanda Turawa suka tarar a nahiyar, su ne ke zaune a kai. Abin da Amurka ta saya a zahiri shi ne kada wani Bature ya tsaya mata a gaba in ta zo karɓa. Haka abin yake a gabashin Kogin Misisifi ma. A 1814, bayan ya ci al'ummar Kirik da yaƙi, Janar Andiru Jakson ya tilasta musu sallama eka sama da miliyan 20 a Alabama da Jojiya, har da ƙasar waɗanda suka yi yaƙi a gefensa. Da ya zama shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar 1830 ta kwashe al'ummun asali zuwa yammacin kogin: Cokto, Kirik, Cikaso, Ceroki da Seminol. Ceroki sun yi duk abin da aka ce shi ne wayewa. Suna da rubutun kansu, suna da kundin tsarin mulki tun 1827, suna da jarida tun 1828, sun kuma yi nasara a Kotun Ƙoli a 1832. Jihar Jojiya ta yi biris da hukuncin, ta raba gonakinsu ga farar fata ta hanyar ƙuri'a. A 1838 sojoji suka tattara wajen mutum 16,000, kuma ana ƙiyasta wajen 4,000 sun mutu a sansani da kan hanya. Akwai wani abu da ba na so a tsallake: wasu attajiran Ceroki su ma suna da bayi, kuma bayin sun yi wannan tafiya tare da su, suna ɗauke da kaya. Wanda aka zalunta yana iya zama yana danne wani a ƙarƙashinsa, kuma ɗalibin tarihi ba shi da ikon ɓoye ɗaya don ya gyara ɗayan.

Alƙaluma suna dakushe zuciya in sun yi yawa, shi ya sa na riƙe labarin mutum ɗaya. Abdurrahman ɗan Almami Ibrahima Sori na Futa Jalon, a ƙasar Gini ta yanzu, an kama shi a yaƙi a 1788, aka sayar da shi har ya faɗa hannun wani manomi mai suna Thomas Foster kusa da Natchez. A lokacin Sifaniya ce ke mulkin wurin, taba ake nomawa. Yana nan tutar Amurka ta iso a 1798, yana nan auduga ta kore taba, ubangidansa ya azurta, yana nan Misisifi ta zama jiha a 1817. Duk faɗaɗar da muke karantawa a taswira a kansa ta wuce. Bayan kusan shekara 40 wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ta kai ga Sarkin Maroko, gwamnatin Amurka ta sa baki, aka sake shi a 1828. Ya zaga biranen Arewa yana tara kuɗin fansar 'ya'yansa, kuɗin bai isa ba. Shi da matarsa suka tafi Laberiya, ya rasu a can a 1829 bai kai gida ba. Allah ya jiƙansa.

A ƙarshen 1819 jihohi 22 ne, 11 masu bayi, 11 marasa bayi, kowace jiha da sanatoci biyu. Misuri ta nemi shiga da bayinta wajen 10,000. Ɗan majalisa James Tallmadge na Niyok ya kawo sharaɗin a hana shigar da sabbin bayi, a kuma 'yanta waɗanda za a haifa in sun kai shekara 25. Majalisar wakilai ta yarda, ta dattawa ta ƙi. Sulhun 1820 ya karɓi Misuri da bayi, ya karɓi Maine ba bayi, ya ja layi a digiri 36 da minti 30, aka ce arewa da shi ba bauta a sauran ƙasar Luwiziyana. Jefason, yana tsoho a gidansa, ya rubuta wa wani ɗan siyasa cewa rikicin ya farkar da shi kamar ƙararrawar gobara cikin dare, ya kuma ce halin da suke ciki kamar na wanda ya riƙe kerkeci a kunne ne, riƙewa ba daɗi, saki ba daɗi. Amma a wannan wasiƙar dai ya goyi bayan a bar bauta ta bazu, wai bazuwar za ta sauƙaƙa wa bayin. Ya mutu a 1826 da bashi a kansa, a Janairun 1827 aka yi gwanjon mutum 130 a gidansa na Monticello. Na karanta muhawarorin wannan sulhu da na waɗanda suka biyo baya, abin da ya fi tsaya mini shi ne mutanen da ake rabawa ba su da kujera a ɗakin. Ana kiran abin sulhu ne domin manya biyu sun daidaita.

Tambayar da malaminmu ya fi matsa mana a kai ita ce: me ya sa masu bayi ba su tsaya inda suke ba? Ba wanda yake da ikon taɓa bayinsu a jihohinsu, to me ya kai su faɗa a kan ƙasar da ba su taɓa gani ba? Amsar tana da rassa da ke kama juna. Auduga tana gajiyar da ƙasa, 'ya'yan manoma kuma suna son gonakin kansu. Arewa tana ƙara yawa saboda baƙi daga Turai, ta riga ta rinjaye majalisar wakilai, saura ta dattawa, wadda ba ta riƙuwa sai da sabbin jihohi. Ga tsoron abin da ya faru a Haiti in bayi suka taru a wuri ɗaya suka fi yawa. Sannan ga farashi. A 1860 darajar bayi a kasuwa ta kai wajen dala biliyan 3, ta fi abin da aka zuba a masana'antu da layin dogo a haɗe, kuma ana ba da su jingina a banki kamar gida ko gona. In aka rufe sabbin kasuwanni farashin ya faɗi, dukiyar mai bawa a Bajiniya ta faɗi da shi ko da bai taɓa taka Tekzas ba.

A da Tekzas ta Meziko ce, Meziko kuma ta soke bauta a 1829. Amurkawan da suka shiga da bayinsu ba su ji daɗin hakan ba, ko da yake an ɗaga musu ƙafa. Da suka ɓalle a 1836, kundinsu ya kare bauta, ya kuma hana baƙar fata mai 'yanci zama a ƙasar sai da izinin majalisa. Amurka ta haɗe Tekzas a 1845, yaƙi ya ɓarke a 1846, a yarjejeniyar 1848 Meziko ta rasa wajen rabin ƙasarta, har da Kalifoniya. Ulysses Grant, wanda ya yi wannan yaƙi yana ƙaramin hafsa, daga baya ya sa shi cikin yaƙe-yaƙe mafi zalunci da mai ƙarfi ya taɓa yi wa mai rauni. Bayi kuwa sun karanta taswirar da idonsu: dubbai sun tsallaka Kogin Riyo Girande zuwa Meziko, kamar yadda na gabansu suka riƙa gudu Filorida wurin Seminol kafin Amurka ta karɓe ta daga Sifaniya.

Wani darasi mai ɗaci ya zo daga ɓangaren da nake so in so. A 1846 David Wilmot na Fensilbaniya ya nemi a hana bauta a duk ƙasar da za a samu daga Meziko, majalisar wakilai ta yarda, ta dattawa ta hana. Sai dai Wilmot da bakinsa ya ce yana magana ne a madadin farar fata ma'aikata, ba don tausayin bawa ba. A 1857 masu zaɓe a Oregon suka ƙi bauta, a wannan zaɓen dai kuma suka hana baƙar fata mai 'yanci zama a jihar. Akwai masu ƙin bauta don Allah, baƙi da farare, irin su Frederick Douglass da William Lloyd Garrison, amma da yawa daga masu ƙin bazuwarta ƙasar suke so wa kansu.

Daga nan abubuwa suka riƙa gudu. Sulhun 1850 ya karɓi Kalifoniya ba bayi, a madadin haka aka yi dokar kamo gudajjen bawa, wadda ta hana wanda ake tuhuma ba da shaida, ta kuma biya jami'in da ke sauraron ƙarar dala 10 in ya mayar da shi bauta, dala 5 in ya sake shi. Dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta share layin 1820, ta ce mazauna su zaɓa, sai kowane ɓangare ya kwararo da mutanensa da bindigogi, jini ya zuba. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott, bawan da ubangidansa ya zauna da shi a Ilinoi da yankin Wiskonsin inda ba bauta. Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki.

Kada a ɗauka ribar ta tsaya a Kudu. Auduga ta fi rabin duk abin da Amurka ke fitarwa waje kafin yaƙin basasa. Bankunan Niyok ne ke ba da bashi, masaƙun Masacusets a Arewacin Amurka da na Lankasha a Ingila ne ke saƙawa, Libaful ta Ingila ce babbar kasuwa. Da yaƙi ya yanke audugar a 1861, ma'aikatan Lankasha suka shiga yunwa, kuma masu masaƙun ba su manta ba. Neman kuɓuta daga dogaro da audugar Amurka ne ya sa aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya a 1902, wadda ta zo ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa. A nan ne wannan tarihi ya taɓo namu.

Abraham Linkon ya ci zaɓen 1860 ba tare da alkawarin 'yanta ko bawa ɗaya a jihohin Kudu ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne bauta ba za ta ƙara shiga sabon yanki ba, kuma wannan kaɗai ya isa jihohin Kudu su fara ɓallewa daga tarayya. Aka kawo masa sabon sulhu na a miƙa tsohon layin har Tekun Fasifik, ya ƙi, yana cewa in aka yarda, shekara ba za ta cika ba sai an ce a ƙwato Kiyuba kafin su zauna a tarayya. Ba hasashe yake yi ba, domin tun 1854 jakadun Amurka uku sun rubuta shawarar a sayi tsibirin ko a ƙwace shi. Takardar da Misisifi ta fitar a Janairun 1861 don bayyana dalilin ɓallewarta ta ce matsayinta a ɗaure yake da bauta, ta kuma lissafa cikin ƙorafinta cewa ana so a kashe bauta ta hanyar tsare ta a iyakokinta na yanzu, a hana ta faɗaɗa. Abin da muka yi zango guda muna haɗawa daga taswira da ƙidaya, masu bayin sun rubuta shi da hannunsu.

Yaƙin basasar da ya biyo baya ya ci rai sama da 600,000. Yana tsaka, iyayengiji daga Luwiziyana da Arkansas suka riƙa kora bayinsu zuwa Tekzas don su nisanta su da sojojin Arewa. Linkon ya yi shelar 'yanci ranar 1 ga Janairu 1863, amma sai ranar 19 ga Yuni 1865 Janar Gordon Granger ya isa Galveston da umarnin da ya shafi bayi wajen 250,000 na Tekzas. A Kentaki, wadda ba ta ɓalle ba, shelar ba ta shafe ta ba, waɗanda suka rage a bauta a can sun jira har Disamba 1865, lokacin da gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ya fara aiki.